Ranar da Bakabe Ya Yi Shara

Mu uku ne muke zuwa fatsa a ƙasan madatsar Makwar, kuma babu masunci ko ɗaya a cikinmu. Ni sunana Almu, gyaran keke nake yi a kasuwar Sinnar. Mato da Abdussalami manoman auduga ne, hawasharsu tana jingine da juna, wato gonar da hukuma take yanka wa mutum ya noma. Idan an gama tsinkar auduga, zafi ya kankama, kogi ya ja baya ya yi garau, sai mu ɗaura zare a bayan keke mu je mu zauna a kan duwatsu. Rabin abin duk hira ce. Wata rana mu komo da 'yar karfasa ta miya, wata rana mu komo da ƙarni kawai a hannu, matanmu su sha dariya, mu kuma ko a jikinmu.

Mato Bakabe ne. Iyayensa daga Kabi suka taso da niyyar Makka, suka yada zango a nan bakin kogi, zangon ya zama gida. Shi bai taɓa ganin Kabi ba ko a mafarki, amma idan ana zancen kifi sai ka rantse da gora a ƙirji aka haife shi. Gaskiya kuwa ya iya, ba zan ci amanarsa ba, sai dai bakinsa ya fi ƙugiyarsa kamu. Abdussalami kuma Bakatsine ne, mai sanyin jiki da kaifin harshe. Ka san wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne. Iyayensu sun zubar da kaya da yawa a hanyar gabas, amma wannan wasa ba su yar da shi ba. Su biyun tun suna yara suke abu ɗaya har furfura ta fito, babu wanda ya taɓa saukowa. A gaban Larabawa ne kawai suke kama bakinsu, don kalmar bawa a kunnensu tana da nauyi.

Shekarar da nake ba da labari, mahaifiyar Mato, Inna Hadizatu, ta yi zazzaɓi mai tsanani. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. A kawo asida, tuwon mutanen nan, ta kau da kai, a dama kunu ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Tsohuwa tana ta ramewa a gaban idon ɗanta. Ana jajibirin cika-ciki, daren da ake son kowa ya ci ya ƙoshi, sai ta ce ita babu abin da ranta yake so sai romon kan giwan ruwa, irin wanda babanta yake kamowa tana yarinya. Wannan ne karon farko da ta nemi wani abinci da bakinta. Mato ya dafa ƙirji ya ce gobe kafin magariba kifi yana tukunya.

Matarsa Ma'u ta ba shi shawara ya yi sammako ya sayo a Sinnar, tun da kifin kasuwa ba ya kaiwa hantsi. Ya dube ta sheƙeƙe.

"Bakabe shi sayi kihi? Ke Ma'u, ki ji tsoron Allah."

Haka muka isa duwatsu da azahar, ga azumi a baki, ga rana tana dukan ƙeya. Muka fara kama ƙananan karfasa da tana, muka zuba a tsohuwar garwa da ruwa. Na raba musu wayar birkin keke da nake warwarewa, wadda muke ɗaurawa tsakanin zare da ƙugiya saboda haƙoran tsage. Mato ya buɗe makaranta kamar yadda ya saba, ko da yake babu wanda ya tambaye shi.

"Giwan ruwa ba shi cin gawa. Karfasa mai rai, awa tahin hannu. Nan za ka soke ta, bisa baya, kada ka taɓa ƙashi, ka bar ta tana wutsil-wutsil. Kai bawana, kana ji?"

"Ina ji, yaron gidanmu," in ji Abdussalami. "Ci gaba, ai don haka munka aje ka."

"Kuma ba tsakiyar gudu aka jefawa ba. Dubi can, inda ruwa mai gudu ya gamu da mai kwanciya, bayan dutse. Nan yaka laɓewa, malalaci na, awa Bakatsine. In ya ɗauka, kada ka fizga. Bari shi juya, shi tafi da ita, shi haɗiye. Sannan ka ɗaga hannu, khalas, shi ke nan."

Na ce, "To sandata fa? Yau ba ka zage ta ba."

Ina da wata sanda mai ƙarfen naɗi da na saya a kantin wani Bagirke, kullum Mato yana yi mata ba'a. Ya ce abin turawa ne, wanda bai ji numfashin kifi a yatsansa ba ai bai yi fatsa ba. Abdussalami ya ce ita dai sandar ba ta da surutu, wannan ma falala ce. Muka yi dariya, kowa ya jefa zarensa.

Mato ne ya zaɓi wuri mafi kyau, gindin wani baƙin dutse inda kumfa take juyawa. Muka shiga hirar duniya. Aka taɓa zancen mufattishi, wato jami'in duba gonaki, da aka kawo sabo, da yadda ruwa ya canza hali tun da aka datse shi a Rusairis, da wani mutumin Hasahisa da ya rantse ya ga kifin da ya haɗiye ɗan akuya. Amma na lura Mato ba ya cikin hirar sosai. Bini-bini sai ya ɗaga kai ya dubi rana.

Can wajen la'asar zarensa ya motsa, ya fara sulalewa tsakanin yatsunsa. Ni da Abdussalami muka zuba ido. Mutumin da ya gama yi mana wa'azin haƙuri, sai ga shi ya fizga da dukan ƙarfinsa tun kifin bai juya ba. Zare ya dawo sakayau, karfasar a jiki, an saɓule mata ɓawo gefe da gefe.

"Ustaz," in ji Abdussalami a hankali, "wanga darasi ba ka koya muna shi ba."

Mato ya haɗe rai. Ya naɗe zarensa ya ce wurin ya ɓaci, ya koma wani dutse can ƙasa. Bai daɗe ba ya sake tashi ya koma wani. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na san ba kifi yake gani a ruwan nan ba, fuskar tsohuwarsa yake gani. Mai gaggawa kuwa ba ya fatsa, shi da kansa ya sha faɗa mana.

Abdussalami ya yi sallar la'asar, ya ja jiki ya zauna a gindin baƙin dutsen da Mato ya bari, don kawai akwai 'yar inuwa. Ya soke karfasa a baya yadda aka koya masa, ya jefa inda kumfa take juyawa, ya jingina. Rana ta yi sanyi, tsuntsaye suka fara saukowa bakin ruwa. Sai na ji ya ce, "Almu, wani abu na jan zarena."

Mato ya jiyo daga inda yake. Ya yar da nasa zaren ya taho da gudu a kan duwatsu, yana ihu.

"Kada ka fizga! Sake mai! Sake mai, kai mutum! Bari... bari... Yanzu!"

Abdussalami ya ɗaga hannu, zare ya miƙe ya yi ƙara. Kifin ya fito daga ruwa gaba ɗayansa, baki a wangame, yana girgiza kai, ya koma ya faɗa tinjim. Ban san lokacin da na yi kabbara ba. Zaren nailan ya fara yankan hannun Abdussalami, Mato ya warware rawaninsa ya naɗa masa. In kifin ya ja, Mato ya ce a ba shi. In ya lafa, ya ce a tattaro. Bai taɓa zaren ba ko sau ɗaya, ko da yake hannunsa har ƙaiƙayi yake yi. Da kifin ya gaji ya kwanta a gefe, Mato ya faɗa ruwa har ƙirji, ya cusa hannu a leɓensa na ƙasa, yana kauce wa marfin kunnen da yake yanka kamar aska, ya jawo shi kan dutse. Da muka ɗaga shi, tsawonsa ya kai ƙugun Abdussalami.

Muka zauna muna haki. A wajenmu doka ɗaya ce, kifi na mai ƙugiya ne, ko wa ya taya shi fitarwa. Rana kuma ta riga ta yi ja, babu sauran lokacin wani kamu.

Abdussalami ya ce, "Mato, ɗauki ka kai ma Inna."

Mato ya juya baya yana matse rigarsa. "Ni in amshi sadakar kihi ga hannun Bakatsine? A ce Mato ya kasa, an tausaya mai? Riƙe abinka."

"To zauna da girman kanka," in ji Abdussalami, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa. "Ita ta kwana da yunwa."

Raina ya ɓaci da Mato ƙwarai. Babban mutum da furfura, a ba ka abin da ka wuni kana nema, ka tsaya kana ciccika. Sai muka ga ya haura gaɓa, ya karyo kaba daga wata 'yar goruba, ya dawo. Ya durƙusa a gaban Abdussalami, ya fara share dutsen.

Sai a lokacin na tuna ashe lokacin shara ne. A al'adarmu, idan cika-ciki ta zo, abokin wasa wanda yake matsayin bawa yakan je ya yi wa ubangidansa shara, shi kuma dole ya ba shi tukuici, kuma ba a kiran wannan sadaka, haƙƙi ne. Mato da Abdussalami ba su taɓa yi ba, don duk wanda ya ɗauki tsintsiya ya amsa cewa shi ne a ƙasa. Mato ya gwammace ya faɗi a wasan da ya kare tun yana yaro, da a ce an ji tausayinsa da gaske.

"Ranka shi daɗe," ya ce, kansa a sunkuye, "bawanka ya zo shara."

Abdussalami ya dube shi. Na ga idonsa ya kawo ruwa, amma ɗan banzan sai ya gyara zama, ya harɗe ƙafa, ya nuna da yatsa.

"Nan ma da ƙura. Share da kyau. Almu, kai na shaida."

Na ce na shaida duniya da lahira. Mato ya share, ya sake sharewa, har ya haɗa da ƙafar ubangidan nasa da gangan. Abdussalami ya ce to madalla, yaro ya yi aiki, a ba shi wancan ɗan kifin ya kai gida. Dariya ta ƙwace mana mu duka uku, Mato yana yi yana zaginsa.

A keken Mato muka ɗaure kifin, wutsiya tana jan ƙasa, yaran ƙauye suna binmu da ihu. Muka sha ruwa a gidansa. Ma'u ta ɗora kan kifin da daddawa da barkono da ɗan lemon tsami, sauran aka rarraba wa maƙwabta, aka kai kaso babba gidan Abdussalami. Da romo ya nuna aka fito da Inna Hadizatu tsakar gida, aka jingina ta da matashi. Ta shaƙi ƙamshin, ta dubi akushin, ta dubi ɗanta.

"Wa ya kamo shi?"

Mato ya hau sosa ƙeya. Abdussalami kuwa dama jira yake. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zayyana mata komai, bai rage ko ƙura ɗaya ba, har da yadda aka ce masa ranka ya daɗe.

Tsohuwa ta juya ta dubi Mato.

"Kai, ɗan Kabawa, ka yi ma Bakatsine shara?"

"Na yi, Inna."

"Sabili da ni?"

Ya sunkuyar da kai. Ta miƙa siririn hannunta ta jawo akushin gabanta.

"To ai sai in cinye shi duka," ta ce, "kada sharar ta tahi banza."

Ta yi bisimilla ta sa hannu. Muna zaune muna kallo ta ci kumatun kifin, ta tsotse ƙashi, ta ɗaga akushin ta shanye romon, sannan ta miƙa wa Ma'u ta ce a ƙaro. Mato ya juya fuskarsa wajen danga yana share ido da gefen hannu, yana dariya, farin ciki ya hana shi cin nasa.