Allurar Sallau

Ruwa na tafasa a gwangwanin madara, allurar tana juyi a ciki. Habiba ta rungume Nagode a cinyarta. Jikin yarinyar ya yi zafi kamar murhu, leɓɓanta sun bushe, ko kuka ta daina.

Mijinta Sallau ya tsuguna ya tsamo allurar, ya zuƙo ruwan magani daga wata ƙaramar kwalba. Sai ya tsaya yana kallon cinyar ɗiyarsa.

"Malam, yi mata mana," in ji Habiba.

Bai motsa ba.

Ba likita ba ne, Habiba ta sani. Tun da ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarsu ta Maradun ya samu aikin shara a ɗakin shan magani na ma'aikatan dam. Can ya riƙa leƙen yadda ake tsira allura. Da aka sallame shi suka dawo Bakura, ya sayi sirinji da kwalabe a kasuwa, mutane suka sa masa suna Likita. Ba wanda ya taɓa tambayarsa takardar shaida. Jami'in lafiyar da ya taɓa zuwa bincike, kaza aka ba shi ya koma. Da wannan allura suke ci, da ita suke sutura, don haka Habiba ta koya wa bakinta shiru.

"Mi ya faru?" ta tambaya a hankali.

Ya nuna mata kwalbar. "Habiba, ban san abin da ke cikin kwalbar ga ba. Ban iya karanta rubutun ba. Launin murfi nake dubawa."

Habiba ta dube shi. Ba fushi ta ji ba, tausayi ta ji, da wani tsoro mai nauyi. Ta tuna ɗan maƙwabta da ke jan ƙafa tun da Sallau ya yi masa allura da damina, aka ce iska ce ta taɓa shi.

Sallau ya ajiye sirinjin, ya shafa kan yarinyar. "Goya ta. Mu tafi asibitin Mafara. Ɗiyata ba za ta sha wannan ba."

*

Sun fito da keke ke nan suka tarar da wata mata a zaure, ƙafafunta duk lakar gonar shinkafa. Taibatu ce, daga wani ƙauye na bakin kanal ɗin ban-ruwa. Ta riga ta kwance goyonta, ta kifa yaron a cinya.

"Likita, ina kwana? Ka taimaka, jikinshi babu daɗi."

Sallau ya sunkuyar da kai. Habiba ta ji maganar ta fito mata da kanta.

"'Yar'uwa, zo mu tafi Mafara tare. Mu ma can za mu kai tamu."

Taibatu ta yi dariya. "Kai, matar Likita, ba'a kike mini? Can sai a ba ka ƙwaya a kore ka. Ni allura nake so, kuma hannunshi na yarda da shi."

Habiba ta dubi mijinta, tana jira ya faɗi abin da ya faɗa mata a ɗaka. Ya buɗe baki, ya kalli mutanen da ke wucewa a ƙofa, ya rufe. Sannan ya jingine keken a bango.

"Yi gaba, Habiba. Zan iske ku a hanya."

Ta gyara goyo ta fita. Numfashin Nagode na dukan bayanta, mai zafi, amma yana nan. Ba ta kai bakin titi ba ta ji ƙarar yaron daga zaure. Ta tsaya cik. Sannan ta ƙara ɗaure zanenta, ta ci gaba da tafiya.