Ruwan Hutun Turmi

"Baba, ruwa ne fa, ba naushi ba," in ji Auta, tana miƙa masa kofi.

Guduma bai ji ta ba. Yana kwance a katifa, ya dunƙule hannu biyu ya rufe fuska, duk abin da ya doshi bakinsa sai ya goce. Tun shekaranjiya ko ɗigo bai shiga cikinsa ba, leɓɓansa duk sun tsage. Likita ya ce dukan da kansa ya sha ne ya taru, a mai da shi gida.

Katanga ce kawai tsakanin shagona na gyaran rediyo da ɗakinsa. Na san shi tun yana sabon ɗan dambe, lokacin da yake sauke hannu ya miƙa wa abokin karawarsa haɓa yana dariya, zaure ya ɗauki ihu. Da aka haifa masa Auta sai ya koyi kare fuska, ya koma cin wasa da maki. Unguwa ta ce ya zama rago, aka daina sayen tikiti. Har yau na kasa raba wannan gardama a raina: wanda ya yi tafi a kan dukan da wani ya sha, yana da kaso a ciwon?

Muna ɗakin ni da Auta sai ga tsohon kocinsa ya shigo yana dogara sanda.

"Kai, ƙaton banza, kwanciya ka samu?" Ya dube shi, murmushinsa ya ɓace. "'Yata, ba zai sha a haka ba. Shi a ganinsa ana tsakiyar turmi ne. Ku zaunar da shi a kusurwa."

Muka ɗaga shi, ba nauyi ko kaɗan. Koci ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa kwanon ƙarfe, ƙau, kamar ƙararrawar hutu.

Hannayen suka sauka kan gwiwa. Baki ya buɗe.

Auta ta zuba masa ruwan tana dariya tana hawaye. Ya kuskure baki, ya juya gefe, ya tofar.

"Haɗiye, Baba! Don Allah haɗiye!"

Ta sake zubawa, ya sake tofarwa.

"Ni na hana shi," in ji Koci, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗan dambe ba ya haɗiye ruwa a kusurwa. Da mari na koya masa."

Guduma ya ɗago ido. "Koci, mutane sun zo?"

"Ba masaka tsinke."

Ya gyaɗa kai, ya gyara zaman ƙafafunsa, ya kasa kunne yana jiran a buga masa ƙararrawa ya tashi. Koci ya zura cokalin a aljihu.

Kafin la'asar Guduma ya cika, yana zaune a kusurwar. Auta ba ta lura da wuri ba. Tana durƙushe a gabansa, tana matsa jiƙaƙƙen tsumma a leɓɓansa, ruwan yana bin gemunsa yana ɗiga a tabarma.