Kilif a Bakin Aljihu

Gwaggo ba ta taɓa shiga ɗakin injin kamfanin sabulu ba, amma ta san sarƙar mahaɗi kamar ita ta ƙera ta. Yo ina za ta ƙi sani, tana auren Mai Giris, makanikin kamfanin? Mutumin da ko abinci yake ci sai ya jera cokula biyu ya nuna mata yadda a jikin inji sandar motar lantarki ke fuskantar sandar akwatin giya, kowacce da faifai mai haƙora a bakinta, sarƙa mai layi biyu ta naɗe su ta haɗa, wannan ya juya ya ja wancan. Bakin sarƙar fil ne ke riƙe da shi, fil ɗin kuma wani ɗan kilif ne ke hana shi zamewa, abin da bai fi farce ba. Ta sha wannan karatu har ya gundure ta.

Yana da wata al'ada. In ya buɗe sabuwar sarƙa, sai ya maƙale kilif ɗin a bakin aljihun rigarsa don kada ya faɗa cikin giris ya ɓace, sai komai ya zauna daidai yake cirewa ya sa. Kullum yana faɗa mata cewa in ya shafa aljihu ya ji wayam, to ya gama aiki.

Ranar ya dawo daga aikin safe a gajiye, ya ce ya canja sarƙar injin da ke jan bel ɗin kwalaye, ya ci abinci ya miƙe a ɗaki. Ta ɗauki rigar aikin za ta jiƙa, sai wani abu ya karce mata yatsa. Kilif ne, sabo dal, maƙale a bakin aljihu.

Nan take ta tuna Auta na can. Auta 'yarsu ce, tana naɗe kwalaye a kamfanin, kuma uban ne da kansa ya bi foman, mai kula da ma'aikata, da magiya har aka mayar da ita teburin da ke jikin wannan injin. Cewa ya yi duk kamfanin babu inda ya fi aminci kamar gefen injin da hannunsa ke kula da shi. Ga shi murfin mahaɗin ya daɗe da tsagewa, da waya aka ɗaure shi ana jiran sabo.

Ta tashe shi ba sallama. Da farko ya yi tsaki, wai tsohon kilif ne. Ta miƙa masa a tafin hannu, ko ɗigon giris babu a jikinsa. Ya zuba masa ido, ya ce ai ya sa. Can ya ce yana jin dai ya sa. Sai kuma ya tuna an kira shi wajen famfon da ke yoyo yana tsakiyar aikin, da ya dawo ya ɗaure murfi ya kunna.

"Baban Auta, ka sa ko ba ka sa ba?"

Takalmi kawai ya hau nema.

Sun kira wayar Auta, tana ta ƙara a banza, don a loka ake kulle wayoyin ma'aikata lokacin aiki. Ta foman ma haka, wa zai ji waya a cikin wannan rugugin? Suka tari tasi, tasi ta shiga cunkoso, mai tasin kuma Allah ya zuba masa surutu, yana ta ba su labarin tsadar taya. Gwaggo ji take kamar ta shaƙe shi. Ta tambayi mijin me zai faru in fil ɗin ya fita, ya kau da kai wajen taga. Ba sai ya faɗa ba ma. Ta tuna ya taɓa ba ta labarin sarƙar da ta tsinke ta loɓa ƙofar ƙarfe, a lokacin har dariya yake yi. Tsoro ya cika ta, ta rasa wace addu'a za ta kama, ta yi ta maimaita sunan yarinyar a zuci.

Da suka isa, mai gadin kamfanin ya fara zolaya, wai yau har da rakiyar uwargida, amma da ya dubi fuskarta sai ya buɗe ƙofa ya matsa. Mai Giris da ke kukan gwiwa kullum, yau gudu yake yi, tana biye tana riƙe da mayafi. Ƙamshin sabulu ya tokare mata maƙogwaro. Daga nesa ta hango bayan Auta, tana naɗe kwali tana dariya da abokiyar aikinta, kanta saitin murfin nan mai ɗaurin waya, murfin kuwa sai karkarwa yake yi.

Mai Giris ya kai wa jan maɓalli duka. Bel ya tsaya, kwalaye suka hau kan juna, foman ya taso yana faɗa, wai wa ya ba shi izinin tsayar da layi. Mai Giris bai kula shi ba, ya kwance wayar ya ɗaga murfin. Fil ɗin ya zame fiye da rabi, har kansa ya ƙwarzane cikin murfin ya bar zane mai sheƙi. Foman ya leƙa, faɗan ya mutu a bakinsa.

Mai Giris ya tura fil ɗin ya koma, ya ɗauko kilif zai sa. Kilif ya suɓuce ya faɗa cikin giris. Ya lalubo nan, ya lalubo can, bai gani ba. Auta ce ta sunkuya ta tsamo shi da yatsu biyu, ta goge a gefen rigarta ta miƙa masa, tana tambayar Gwaggo ko lafiya suka zo tare. Gwaggo ta nemi kwalin sabulu ta zauna.

Ya sa kilif ɗin, ya taɓa, ya sake taɓawa, ya shafa aljihunsa. Sannan ya ja foman gefe. Murya ƙasa-ƙasa ya yi, amma Gwaggo ta ji.

"Don Allah ka mayar da ita teburinta na da, can nesa da injina."