Wayar Sifikar Baya

Naɗin waya mai tsagi biyu, filaya, sukudireba, tef, ƙaramar mita. Su ke nan a jakar da Tsoho ya rungume a kujerar bayan bas, yana hanyar gidan benen da 'yarsa Auta take aure. Mijinta ne ya kira, wai sifikar baya ta hagu ta sake mutuwa. Abin ya tsaya wa Tsoho a rai. Shi ya haɗa musu kayan kallon nan da hannunsa, kuma aikinsa ba ya dawowa.

Surukin ya tare shi da fara'a, har da rusunawa. Ya ce ai ɓera ne, ɓerayen gidan nan sun fi masu gidan son fim. Ya kunna wani na yaƙi don a ji inda sautin ya yanke.

Tsoho ya durƙusa bayan talabijin. Wayar hoto na nan daram a jikin amfilifaya. Ja a ja, baƙi a baƙi, sifikun gaba lafiya lau. Ya bi wayar baya da yatsa. An fizge ta daga bango, an mayar a gaggauce. Babu cizo ko ɗaya. Robar ta miƙe, tagullar ciki ta kakkarye.

Auta ta kawo ruwa. Tana miƙa kofin, hannun rigarta ya zame. Layi biyu ne a jere a fatarta, a kumbure, daga gwiwar hannu har sama. Tsoho ya kama hannun, ya ɗora wayar a gefensu. Daidai wa daida.

"Wannan ma ɓeran ne?"

"Baba, tsakanina da iyalina ne."

Surukin bai ko duba ba, hannunsa ya kai kan rimot ya ƙure ƙara. Bindigogi suka cika falon, tagogi na rawa. Auta ta rufe kai da hannu biyu tun ba a taɓa ta ba. Nan Tsoho ya gane abin da ya haɗa musu: abin rufe kukan 'yarsa.

Da filayar Tsoho ya kai wa surukin duka a baki. Leɓe ya fashe, haƙori ya faɗo kan tayil. Surukin ya tofar da jini, ya ɗaga tsohon cak ya maka shi da teburin gilashi. Wani abu ya ɓalle a haƙarƙarin Tsoho. Kafin ya ja numfashi, gwiwa ta danne masa ƙirji, wayar ta zagaye wuyansa. Ya yi ta yakushin iska. Ana zaginsa, yana ganin bakin na motsi, amma fim ɗin ya cinye komai.

Sai ɗakin ya yi tsit. Auta ce ta tumɓuke amfilifayar da wayoyinta duka, ta ɗaga ta sama da kai, ta sauke a kafaɗar mijin. Ƙashi ya ce ƙas. Ya kife yana ihu, kuma wannan karon duk benen ya ji.

Ta warware wayar daga wuyan ubanta, ta ta da shi. Yana tari yana cewa ta ɗauko mayafinta da kayanta. Ta ce babu abin da za ta ɗauka. Maƙwabta sun cika matakala, kowa na kallon ƙasa.

Ta fito da shi, ta ja ƙofar ta rufe.

"Mu je asibiti, Baba. Daga can gida. Na bar auren nan."