Tasha ta Uku a Gidan Zu

Shekara goma sha tara Baba Tanka ya yi yana tuƙa motar ruwa a gidan zu, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin ma'aikata. Ya san kowace hanyar baya, ya san ramin da ke cin taya a bayan kejin kuraye, ya san ƙofar da sai an tokare ta da gwiwa take buɗuwa. Fasinja ne kawai bai taɓa ɗauka ba.

Gidan kuwa babba ne ƙwarai. Mai ƙafa lafiya ma sai ya ci awa uku kafin ya zagaye shi. Tsofaffi wajen birai suke tsayawa, su nemi benci su zauna, su jira jikoki su dawo da labarin giwa. Da koke ya yi yawa, hukumar gidan ta sayo motoci biyu masu aiki da batir, kowace tana cin mutum goma sha biyu, da fili a baya na keken guragu. A gefen hagu na filin akwai wata 'yar gada ta ƙarfe da ake zarowa keke ya bi ta kai. Aka gina dakali takwas a kan hanyar da ta kewaye gidan, aka kira su tasha, aka buga taswira mai launi. Aka ba Baba Tanka mota ɗaya, ɗayar kuma aka ba Gajere, wanda a da yake tuƙa motar shara.

Ranar da za a fara, Manaja ya kira su bakin babbar ƙofa ya ce, "Ta dama za ku riƙa farawa. Masu ƙafa duk hagu suke yi, ba na son cunkoso. Na sa an rubuta lambobi a alluna, ɗaya zuwa takwas. Ku bi lamba kawai."

"To, yallaɓai," in ji Baba Tanka. Ya so ya ce ya ji Injiniya, matar da ta tsara aikin, tana maganar hagu, amma ya yi tunanin ƙila kunnensa ne.

Cikin fasinjojin farko akwai wata tsohuwa a keke, 'yarta tana tura ta. 'Yar tata malamar makaranta ce, da ganin yadda ta riƙe taswira da biro ka sani. Bakin ƙofa fili ne shimfiɗaɗɗe, don haka gadar ta sauka lafiya, keken ya hau, Baba Tanka ya ɗaure shi da bel kamar yadda aka nuna masa, fuskar tsohuwa tana kallon baya.

"Tasha ta uku za mu sauka," in ji Malama. "Mai dogon wuya take son gani. Wata biyu ke nan ba ta da magana sai wannan."

"Raƙumin dawa ke nan. In Allah ya so, Inna, za ki gan shi."

Tsohuwa ta ce wani abu, amma ƙarar yara ta danne shi.

Suka wuce tasha ta ɗaya, suka wuce ta biyu. Da allon ya nuna uku, Baba Tanka ya taka birki. Malama ta leƙa, ta dubi taswira, ta sake leƙawa.

"Baba, ai kadoji ne nan."

Kadoji ne kuwa, biyar, sun baje a bakin ruwa. Baba Tanka ya fi kowa sanin haka, shi yake cika musu tafkin. Ya kuma san raƙumin dawa yana can gaba da nisa. Amma ga uku a allo, ga uku a takarda, a takardar kuma an zana dogon wuya ɓaro-ɓaro. Sai da ya ɗan tsaya yana tunanin ko an yi wa dabbobin sauyin gida bai sani ba.

"Ko mu sauka mu ƙarasa da ƙafa?" in ji Malama.

Ya zagaya baya ya zaro gadar. Maimakon ta hau dakali, sai bakinta ya tsaya a iska a kan kwata, bayan kwatar kuma waya. Ya waiwaya, ga dakalin can a ɗaya gefen motar, sabo fil, da ƙarfen riƙewa da komai. Ya mayar da gadar, ya zagaya motar sau ɗaya ko akwai wata a dama. Babu.

Ya ciro rediyon oba-oba ya kira Manaja. "Yallaɓai, Baba Tanka ne. Ina tasha ta uku, amma ba ita ba ce."

"Kamar yaya ba ita ba ce?" in ji Manaja. "Me allo ya ce?"

"Uku."

"To ita ce."

"Takarda ta ce raƙumin dawa. Kuma dakalin yana dama, gadar tana hagu."

Sai ga muryar Injiniya ta shigo. "Wa ya ce ku bi ta nan? Ta hagu aka tsara hanyar, shi ya sa dakalin yake inda yake. Ukun taswira shi ne shidan alluna. Baba, ka juya."

"Kada ka juya," in ji Manaja.

"In bai juya ba babu tashar da keke zai sauka, duk takwas ɗin."

"An kawo mini wannan a rubuce?"

"Yana shafi na tara na takardar tsarin."

Baba Tanka ya riƙe oba-oba yana jira a dawo kansa, amma su biyun sun shiga maganar shafi na tara da taron da aka ɗage. Fasinjoji kuma kowa da shawararsa. Wani mai babbar riga ya ce a ɗaga keken da hannu, Malama ta ce ƙugun mahaifiyarta ba zai ɗauki jijjiga ba. Wata ta ce ita dai giwa ta zo gani. Ya lissafa a ransa: in ya miƙe, zai kai wajen raƙumin dawa amma tsohuwa ba za ta sauka ba, in ya juya, za ta iya sauka, amma sai ya zagaye kusan duk gidan. Wannan ya fi kama da hankali. Ya sami wuri mai faɗi, ya yi gaba ya yi ribas har sau huɗu, ya juya.

Bai yi nisa ba, a kwanar da bishiyoyi suka matse hanya, sai ga Gajere da mota cike. Suka tsaya hanci da hanci.

"Baba, lafiya? Ina za ka?"

"Tasha ta uku."

"Ai tana bayanka."

"Wata ukun."

Gajere ya cire hula ya sosa kai. Hanyar ba ta cin mota biyu, kuma shi bai yarda da ribas ɗinsa da mutane a ciki ba. Nan idon Baba Tanka ya faɗa kan wata 'yar ƙofar ƙarfe a gefe mai rubutun ma'aikata kawai. Hanyar tankarsa ce, ta ratsa tsakiyar gidan. Bai sake taɓa oba-oba ba. Ya sauka ya buɗe, ya shiga da motar.

Bayan gidan zu ba abin nunawa ba ne. Rumbun ciyawa ne, da barori a kife, da rigunan ma'aikata a kan igiya, da tulin kashin giwa yana tururi. Amma fasinjoji suka ciro wayoyi suna ta ɗauka. Mai babbar riga ya ce shi ya taɓa zuwa sau uku ba a kawo shi nan ba, lallai an inganta wurin. Baba Tanka kuwa gumi yake yi, yana tunanin abin da zai ce in an tambaye shi.

Bayan gidan raƙumin dawa akwai daɓen siminti inda ake sauke ganye, shimfiɗe kamar tabarma. Gadar ta sauka daram. Malama ta turo keken har gindin shinge, kuma kamar an aike shi, babban namijin ya tako ya sunkuyo da kai yana tauna. Baba Tanka ya ji wani sanyi a ƙirjinsa.

Tsohuwa ta ɗaga kai ta dube shi tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Wannan kuma mene ne?"

"Mama, mai dogon wuyan ke nan."

"A'a. Wannan ƙafarsa huɗu. Tawa biyu gare ta, da gashi. Tsuntsuwa ce."

Malama ta sauke taswira. "Jimina? Mama, wata biyu kina cewa mai dogon wuya, ba ki taɓa cewa tsuntsuwa ba."

"Kin tambaye ni? Tun a ƙofa na faɗa wa ɗan nan."

Baba Tanka ya durƙusa kusa da keken. "Inna, ai mun wuce ta gabanta ɗazu, a tasha ta biyu. Ba ki gan ta ba?"

"Da wane idon, ɗana? Ka ɗaure ni ina kallon inda muka baro. Ni tun da muka taso kwalta nake gani."

Kunya ta kama shi, ko da yake haka aka koya masa. Tsohuwa ta ci gaba da cewa tana 'yar shekara bakwai wani baƙon mahaifinta ya nuna mata ƙwai kamar tulu, ya ce tsuntsu ne ya saka. Ta ce masa ƙarya ne, aka yi mata dukan rashin kunya. Har yau ba ta yarda ba, so take ta gani da idonta.

Ya mayar da ita mota, wannan karon ya juya keken yana kallon gaba, ya ɗaure bel ɗin yadda ya samu. Ta hanyar baya minti biyar ne zuwa ƙofar da ake ba jiminu abinci. Guda uku suka taso da gudu, sun zaci dusa aka kawo. Tsohuwa ta daɗe tana kallonsu, su ma suna kallonta.

"To," ta ce. "Wannan kam za ta iya saka ƙwan. Allah ya jiƙan bawan Allahn nan, na zalunce shi."

Da yamma aka kira Baba Tanka ofis. Manaja ya miƙa masa takardar tuhuma kan shigar da baƙi hanyar ma'aikata, ya ce ya amsa cikin kwana biyu. Kafin ya ninke ta, Manaja ya sake cewa wata malama ta tsaya ta rubuta yabo shafi guda a littafin baƙi, kuma hukuma tana alfahari da shi. Injiniya, da ke zaune a gefe, ta ce gobe za ta hau motarsa ya nuna mata daɓen nan, ta kuma tambaye shi yadda ya yi ya ɗaure keken yana kallon gaba. Ya fito bai san ko faɗa aka yi masa ko godiya ba. A gida matarsa ta tambaye shi yadda sabon aiki yake, ya ce ta bari sai ya gane tukuna.

Sati biyu aka yi ana gyara. Aka koma farawa ta hagu, aka sake fentin alluna, aka juya maɗaurin keke yana kallon gaba. Takardar tuhumar, da ya kai amsarta, sakatare ya ce ba a san fayil ɗin da za a sa ta ba.

Ranar da aka sake buɗewa, komai ya tafi daidai har tasha ta biyar. Nan wani dattijo mai sanda biyu ya taɓa kafaɗarsa, ya rage murya ya ce, "Direba, a wace tasha ce bayan gida?"

Baba Tanka ya karɓi taswirar ya duba gaba, ya duba baya. Bayan gida uku ne a gidan, ya san su duka, kuma babu wanda yake kusa da tasha ko ɗaya. Ya dubi oba-oba, ya dubi dattijon.

"Yaya, za ka iya riƙewa minti huɗu?"

Dattijo ya ce zai gwada. Baba Tanka ya kunna sigina, ya karya sitiyari zuwa hanyar baya.