Kan Injin Zailani

A shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa, lokacin da ko gaisuwa ka yi a Duwala sai an amsa maka da kukan kiriz, wato matsin tattalin arziki, Zailani yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake ɗauko wa matan unguwar New Bell kifi daga kasuwar bakin ruwa ta Yupwe. Ƙarni ya ratsa motar har cikin ƙarfe, amma ita ke ciyar da gidan kaf: shi, da gwaggonsa Iyatu, da marayun da take riƙo. Ranar da ta tafasa a hanya ta kama aman farin hayaƙi, matan ba su ɓoye masa ba. Kifi ba ya jiran kowa, in mako ya fita motar ba ta tashi ba, za su nemi wani direba.

Bukar bakanike, wani Babarbare mai tsadar magana, ya kwance kulas, wato murfin kan injin, wanda na dalma ne. Ya aza masa miƙaƙƙen ƙarfe, ya ce zafi ne ya ɗan lanƙwasa shi, in an kai wa masu injin goga za su daidaita fuskar. Zailani ya yatsine. Shi fa ya gaji da faci. Tayarsa faci, wandonsa faci, ƙasar ma ɗungurungum faci. Wani kulas ɗin zai saya. Bukar ya ce to ya tafi da tsohon don a gwada su gefe da gefe, amma wa zai shiga motar haya rungume da wannan baƙin nauyi? Zailani ya kai shi gida ya yar a bakin kwata, yana faɗa da ƙarfi cewa mushen nan ya gama aiki, kada ya ƙara ganinsa.

A unguwar PK 14, wajen masu fasa tsofaffin motoci, wani mai suna Ɓoɓɓo ya kai shi bayan shago, daidai inda masu wucewa ke tsugunawa. Daga cikin wannan caɓi ya zaƙulo kulas ɗin. Da ya jijjiga shi kyankyasai suka watse, wani ruɓaɓɓen ɓera ya faɗo daga ramin da ruwan inji ke bi. Zailani ya kau da kai ya tofar da yawu. Ɓoɓɓo kuwa ko a jikinsa, sai rantsuwa yake cewa da wannan da na Zailani uwa ɗaya uba ɗaya. A hanyar dawowa fasinjoji suka toshe hanci, wata mata ta ce a sauke ta ta ƙarasa da ƙafa.

Zailani ya wanke kulas ɗin da kalanzir, ya ƙara wankewa, ya bi ramukan da tsinke yana ciro abin da ba ya son sanin sunansa. Faratansa suka yi baƙi, warin ya bi shi har masallaci. Da ya kai gareji, Bukar bai taɓa sifana ba. Ya ɗauko gaskit, shimfiɗar da ake sawa tsakanin kulas da inji, ya ɗora a kan sabon kulas. Ramukan noti sun hau daidai, har Zailani ya fara murmushi. Sai Bukar ya sa yatsa a ramukan ruwa guda biyu, a ƙarƙashinsu babu komai sai toshesshen ƙarfe.

"Maigida, wannan na ƙanin injinka ne, ba nasa ba ne," in ji Bukar. "In muka ɗaura, kafin ka isa Yupwe zai dafa kansa. Kawo tsohon a goge, gobe mota ta tashi."

Mayarwa kuwa babu ita, kayan bola ba a karɓarsu in sun fita. Zailani ya kama hanyar gida yana tsallake kwatoci, yana jin haushin Ɓoɓɓo, da kiriz, da kansa fiye da kowa. Garin neman gira ya kusa rasa ido. Sauƙinta dai tsohon yana nan.

Gwaggo Iyatu ba ta bar shi ya wuce ba, ta ce sai ya ci. Ya zauna ya kai loma biyu don kada ta yi mita, sannan ya waiga bakin kwata. Wayam. Ya tambaye ta ina ƙarfen da ya ajiye.

Ta yi dariyar jin daɗi, ta nuna masa murhu. Wata ƙatuwar tukunyar dalma ce a kai, sai ƙyalli take. Ta ce tunda ya ce mushe ne, ita kuma ba ta ganin asara ta ƙyale, sai ta kai wa masu narka dalma a bayan layin dogo, suka zuba mata wannan. Miyar da yake ci ma a ciki ta dahu.

Zailani ya dubi tukunyar, ya dubi miyar. Ko akwai ko babu, shi dai baƙin mai yake ji a harshensa. Ya ture kwanon a hankali.

"Ci mana, ɗan nan," in ji Gwaggo tana ƙwanƙwasa gefen tukunyar da ludayi. "Gobe in ka je Yupwe ka taho da manyan kifi. Yanzu muna da abin da zai ɗauke su."