Tsutsotsin Lemun Inna Hadijatu

Hafiza ta ɗaga takalmi za ta buge koriyar tsutsar da ke cin ganyen lemun tsami, sai murya ta taso daga kan tabarma.

"Ke, ɗiyata, mi ta yi miki?"

Inna Hadijatu ce, maƙwabciyarsu a Gwandu. Mako uku ke nan ƙafafunta sun kumbura, kullum ana shimfiɗa mata a gindin bishiyar.

"Ɗauki tsinke ki taɓa mata ƙeya."

Hafiza ta taɓa. Nan take wasu jajayen ƙahoni biyu suka ɓullo kamar harshen maciji, wari ya bugi hancinta kamar ruɓaɓɓen lemu. Ta ja da baya tana salati. Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Waɗannan manyan idanun ma zane ne, tsoratar da tsuntsu take yi. To dubi wancan kashin tsuntsun."

Hafiza ta ƙura ido. Baƙi da fari, har da ɗan sheƙi. Sai kashin ya motsa, ya soma cin ganye.

"Ƙanwarta ce. Shekara arba'in ina kallonsu. Ba dafi, ba ƙaya, amma Mai Sama bai bar su haka nan ba."

Shekara uku Hafiza tana karatun ilimin dabbobi a jami'a a Kalgo, amma ba ta taɓa tsayawa ta kalli abu haka ba. Ta ce ran Juma'a za ta zo da madubin ƙara girma, Inna ta gani da kyau.

"Allah shi kai mu," in ji tsohuwar.

Ran Laraba da hantsi, tana cikin aji, mahaifiyarta ta bugo waya ta ce Inna Hadijatu ta rasu. Kafin motar haya ta sauke ta Gwandu, maza har sun dawo daga maƙabarta.

Tsakar gidan cike da mata. Habiba, ɗiyar marigayiyar, ta kama hannunta.

"Da asuba ta yi kalmar shahada. Kafin nan ta ce kar a fesa wa lemun nan magani, a bar tsutsotsin su ƙoshi. Ta ce ke kin san dalili."

Hafiza ta zauna a inuwar lemun cikin masu gaisuwa. Aka shafa fatiha, gida ya yi tsit. Daga sama wani ɗan guntun ganye, an cinye gefensa, ya sauko a hankali ya sauka a kan hijabinta. Ba ta kaɗe shi ba.